Ranar da Sikeli Ya Tona Asirin A-kori-kurata

Shekarata 11 ke nan a gefen birnin Dallas na jihar Texas, kuma a cikin duk abubuwan da na kwaikwaya daga Amurkawa babu wanda ya ci mini kuɗi kamar sha'awar jan gida a bayan mota. Maƙwabcina ne ya sa mini wannan ciwo. Duk ranar Juma'a da yamma sai in ga ya ɗaura wata doguwar tirela a bayan a-kori-kurarsa, tirela mai ɗakin kwana da kicin da banɗaki, wadda a ƙarshenta akwai gareji mai ƙofar da ke saukowa ƙasa ta zama gangara, ta nan yake tura baburansa masu ƙafa huɗu. Irin wannan tirela suna kiranta mai jigilar kayan wasa, domin a wurinsu babur na dubban daloli kayan wasa ne. Da na tambaye shi inda yake zuwa, sai ya ce Little Sahara, wani wurin shaƙatawa kusa da garin Waynoka a jihar Oklahoma, inda tuddan rairayi suka mamaye eka wajen 1,600.

Da na kai wa uwargida wannan labari, sai ta dube ni ta ce, "Baban yara, mu da muka taso a Damagaram, yanzu rairayi ne za mu biya kuɗi mu je kallo?" Ban kula ta ba, saboda a lokacin na riga na sayi tirelar a zuciyata.

Ina da a-kori-kura mai injin dizal, daga ajin da ake kira kwata uku na tan, wato ajin su F-250 da Ram 2500 da Silverado 2500, wanda ke tsakanin masu rabin tan da masu tan ɗaya. Waɗannan sunaye tsofaffi ne, ba su nuna ainihin abin da motocin yau ke iya ɗauka, amma ni abin da na riƙe shi ne lambar da na gani a takardar talla, wadda ta ce irin motata tana iya jan abin da ya haura laba 16,000. Laba ɗaya ba ta kai rabin kilo ba, saboda haka ana maganar sama da tan 7. Wannan lamba na haddace ta kamar karatun allo, ita na ɗauka na tafi wurin dillali, shi kuwa da ya leƙa ta taga ya ga motata sai ya ce wannan ai ko dutse aka ɗaura mata za ta ja. Tirelar da na zaɓa nauyinta laba 12,400 ne idan babu komai a ciki, iyakar abin da aka yarda ta kai da kaya kuma laba 16,000. Na yi lissafi a tsaye, na ga komai ya yi daidai, na sa hannu.

Abu ɗaya ne ya ɗaure mini kai a ranar, kuma kunya ta hana ni tambaya. Ana ta ce wa tirelar mai taya ta biyar, ni kuwa na zagaya ta sau biyu ina ƙirga taya huɗu, har na yanke hukunci cewa safaya suke nufi. Sai bayan da makanikai suka kafa wani farantin ƙarfe mai siffar kofaton doki a tsakiyar bodin motata, daidai saman aksul ɗin baya, na gane cewa shi ne tayar ta biyar. Sunan ya samo asali ne daga kekunan doki na da, waɗanda ke da wani zoben ƙarfe a kwance saman aksul ɗin gaba domin keken ya iya juyawa. A ƙarƙashin goshin tirelar akwai wani gajeren turken ƙarfe da ke shiga cikin farantin ya kulle, kamar yadda ake haɗa kan babbar mota da bodinta. Abin da ban tsaya na yi tunani a kansa ba shi ne cewa goshin tirelar yana kwanciya ne a kan motar, kamar yadda ɗan dako ke ɗora buhu a kafaɗa.

Ranar tafiya muka cika tankin ruwa da galan 100, muka tura babur mai ƙafa huɗu cikin gareji, uwargida kuma ta loda kicin kamar za mu yi wata uku a daji, da buhun shinkafa da jarkar mai da tukwane. Da na janye ƙafafun tirelar nauyinta ya sauka a kan farantin, sai bayan motar ya yi ƙasa a hankali kamar raƙumin da aka ce ya gurfana. Na durƙusa na leƙa, na ga akwai sauran tazara tsakanin taya da bodi, sai hankalina ya kwanta, domin ƙa'idar da na taso da ita a tashar motar garinmu ranar kasuwa ita ce, muddin taya bai fara gugar bodi ba to akwai sauran wurin buhu ɗaya. Da asuba muka hau babbar hanya mai lamba 35 muka nufi arewa, kuma duk motar da muka yi kiciɓis da ita sai ta haska mini fitila. Na ce wa yara su ga yadda mutane ke yaba sabuwar tirelarmu. Ashe saboda bayan motar ya zauna, goshinta ya ɗaga, fitiluna suna dukan idanun bayin Allah ne kai tsaye.

Da muka tsaya sallar asuba na ɗauki hoton motar da tirelar na aika wa wani dattijon abokina da muke kira Alhaji, Bahaushen zangon Kumasi, wanda ya shafe shekaru yana tuƙa manyan motoci a Amurka. Na yi tsammanin zai sa albarka. Ko minti biyu ba a yi ba sai ga kiransa, bai ma tsaya dogon gaisuwa ba ya ce, "Malam, ka hau sikeli kuwa?" Na ce masa ai motar tana jan laba 16,000. Ya ce, "Ban tambaye ka abin da take ja ba. Ka nemi tashar manyan motoci ta farko, ka hau sikeli, sannan ka kira ni."

Sikelin manyan motoci doguwar kwanciya ce mai faranti uku, ɗaya na tayoyin gaba, ɗaya na tayoyin baya, ɗaya na tirela. Na hau da kyau, sai dai maɓallin da ake dannawa a yi magana da ma'aikaciya an kafa shi ne daidai tagar babbar mota, can sama da kaina. Na miƙa hannu ban kai ba, na fito da rabin jikina ta taga ban kai ba, daga ƙarshe da muciyar tuwon uwargida na danna shi, direbobi biyu na tsaye da kofunan gahawa suna kallona. Na shiga ciki na biya na karɓo rasit mai layi uku. Aksul ɗin gaba laba 5,150, na baya 6,600, tirela 11,600.

Na kira Alhaji da murya ta wanda ya ci jarrabawa, na ce masa tirelar ma 11,600 ce kawai. Ya ce in buɗe ƙofar direba in duba ginshiƙinta. Shekara huɗu ina buɗe wannan ƙofa safe da yamma, ban taɓa lura da cewa akwai sitika biyu a wurin ba. Ɗaya tana da haruffa GVWR, wato iyakar nauyin da motar za ta kai da duk abin da ke kanta, an rubuta laba 10,000, a ƙasa kuma an rubuta iyakar aksul ɗin baya, 6,200. Ɗayar, mai launin rawaya da fari, ta ce nauyin mutane da kaya gaba ɗaya kada ya wuce laba 2,200. Alhaji ya ce in haɗa layi biyun farko na rasit. Na haɗa, suka ba ni 11,750. Ya ce in cire 10,000. Na yi shiru, shi ma ya yi shiru, ya bar ni da laba 1,750 ɗina.

Daga nan ya fara yi mini karatu dalla-dalla, kamar yadda ake koya wa yaro baƙi da wasali. Ya ce ja daban, ɗauka daban, kuma tirela mai taya ta biyar tana ɗora wa mota tsakanin kashi 15 da 25 cikin 100 na nauyinta, galibi wajen kashi 20. Da na ajiye tirelar a gefe na sake auna motar ita kaɗai, sai ta ba da 8,850, wato goshin tirelar kaɗai laba 2,900 ne, ainihin nauyinta kuma 14,500, kashi 20 cif. Ya ƙara da cewa injin dizal ɗin da nake taƙama da shi ya fi na fetur nauyi da ɗaruruwan laba, kuma tun daga masana'anta aka cire wannan daga abin da motar za ta ɗauka, haka ma kujerun baya da giyar ƙafa huɗu da duk wani kayan ƙawa. Lambar talla kuwa, a cewarsa, ta motar da ta fi kowace sauƙin kaya ce a ajin, kuma ma'aunin da kamfanoni ke bi, mai suna SAE J2807, yana ƙaddara direba ɗaya da fasinja ɗaya, kowannensu laba 150. Ni rabona da laba 150 tun ina makarantar sakandare.

Ya ce mu lissafa mutanen cikin mota ɗaya bayan ɗaya. Na faɗi nawa, 215, na faɗi na yara uku. Da na juyo wurin uwargida, sai ta ce, "Ka gaishe da Alhaji, ka ce masa ya rubuta abin da ya ga dama." Muka haɗa ta da akwatin kayan aiki da kular abinci muka kira su "sauran kaya", kowa ya tsira da mutuncinsa. Jimlar ta kama 850, farantin ƙarfen shi ma 200. A nan ne na gano abin da ya fi ba ni haushi: ko da zan sauke iyalina duka, ni ma in sauka in bar motar ta tafi Oklahoma ita kaɗai, farantin da goshin tirelar sun kai 3,100, ta yi obalodi da laba 900.

Ban sallama nan take ba. Na tuna cewa garejin yana bayan tayoyin tirela, don haka duk abin da aka mayar can yana ɗaga goshi, kamar lilon katako na yara. Na kwashe shinkafa da tukwane da jarkar mai na kai gareji, na kuma nemi wurin da aka yarda na zubar da ruwan nan, wanda kowane galan ɗinsa laba 8 ne da 'yan kai, wato sama da laba 800 na ruwan famfo da na jawo tun daga Dallas. Na sake hawa sikeli, na sake ɗauko muciya. Goshin ya ragu da laba 300 da wani abu. Na tambayi Alhaji ko in mayar da katifu ma baya, ya ce idan na ci gaba da haka goshin zai yi sauƙi fiye da kima, tirelar ta fara kaɗa wutsiya a kan hanya, in yi gudun gara in faɗa gidan zago. Na ce to zan sa mata jakunkunan iska da ake ɗaurawa a kan sifirin su ɗaga bayan mota. Ya ce, "Malam, jakar iska za ta miƙe mata baya ta yi kyau a hoto, amma ba za ta ƙara wa taya ko birki ko aksul ƙarfi ba, lambar da ke jikin ƙofa kuma ba za ta canja ba."

Muka juyo gida a hankali kamar masu rakiyar amarya, yara sun yi tsit, uwargida tana ta tasbihi da ɗan ƙarfi fiye da yadda ta saba. Tirelar ta yi wata biyar a wani filin ajiya ina biya mata kuɗin haya kamar ɗakin ɗalibi, har na sayar da motata da asara na sayi mai tan ɗaya, mai taya huɗu a baya da doguwar bodi. Wannan karon, kafin in gaisa da dillali sai da na buɗe ƙofar direba na durƙusa na karanta sitika, ta ce laba 14,000 gaba ɗaya, abin ɗauka kuma ya haura 5,000. Motar ba ta shiga garejin gidana saboda faɗin ƙugunta, amma na ce ba komai.

Na aika wa Alhaji sabon hoto, ya kira ya sa albarka, ya yi addu'a mai tsawo, sannan ya ce in haɗa 14,000 na mota da 16,000 na tirela. Na ce 30,000. Ya ce a dokar Texas, idan jimlar ta kai 26,001 kuma tirelar ta haura 10,000, lasin da ke aljihuna bai isa ba, sai na je na yi jarrabawar ajin A, ta rubutu da ta tuƙi, ko da ba haya nake yi ba. Yanzu haka littafin jarrabawar yana kan teburina, na kai babin haɗa mota da tirela. Jiya uwargida ta shigo da shayi, ta ajiye mini wata ƙaramar roba kusa da littafin, cike da rairayin da ta ɗebo daga filin wasan yara na unguwarmu, ta ce in riƙa kallo kafin lasin ya fito.