Bakano Mai Firam da Sakataren Ƙungiya

Da hantsi, a wani shago da ke Sabon Gari a Kano, Bakano yana duƙe yana yankan gilashi, sai ga abokin wasansa Bazazzagi, sakataren ƙungiyar masu firam, ya shigo riƙe da littafin rasit.

Bazazzagi: Salamu alaikum, Alhaji. Allah ya ba da kasuwa.

Bakano: Wa alaikumus salam, bawana. Amin, sai dai tun da na hango littafin nan na san cewa ribar kasuwar da kake roƙa mini ba a aljihuna za ta kwana ba.

Bazazzagi: Ni yau da sunan ƙungiya na zo, saboda haka ka ajiye wasan Kanawa da Zazzagawa a gefe. Ana bin ka kuɗin wata bakwai, naira dubu biyu kowane wata, ga kuma tarar makara a taro har sau uku.

Bakano: Sau ukun nan duk na riga Ciyaman isowa.

Bazazzagi: Ciyaman ba ya makara, domin tsarin mulkinmu ya ce taro yana farawa ne a lokacin da ya zauna.

Bakano: To, idan na riga shi zuwa, yaya aka yi na makara?

Bazazzagi: Ka makara wajen miƙewa tsaye da ya shigo.

Bakano: Zauna a kan bencin nan in tuna maka yadda kuka jawo ni. A farkon 2023 ka zo nan ka ce mini ranar 29 ga Mayu za a rantsar da sabon shugaban ƙasa da sabon gwamna, kowane ofis da makaranta da asibiti sai ya sauke tsohon hoto ya rataya sabo, kuma ƙungiya ce za ta karɓo kwangilar ta raba wa 'ya'yanta. Na biya kuɗin rajista a lokacin da takardar naira take wuyar gani, na tafi 'Yan Katako a Na'ibawa na yi lodi, na yanka firam ɗari biyu masu inci 16 da 20, kowace kusurwa na daidaita ta a digiri 45 har idona ya yi ja. Wa aka ba kwangilar?

Bazazzagi: An ba wani ɗan ƙungiya mai biyayya.

Bakano: An ba surukin Ciyaman, mutumin da sana'arsa sayar da taya ce, wanda daga baya ya zo yana taya firam ɗina a rabin kuɗi.

Bazazzagi: Ka ga ke nan ƙungiya ta kawo maka ciniki har ƙofar shago. Sauran kuwa ka adana su, ai wani zaɓen yana tafe.

Bakano: Gara ba ta jiran hukumar zaɓe, Sakatare. Ta riga ta cinye arba'in.

Bazazzagi: Amma ba za ka musa ba cewa da aka yi maka haihuwa mun kawo gudunmawa.

Bakano: Kun kawo agogon bango mai hoton Ciyaman, gilashinsa a fashe, kuka ce tun da aikina ne in gyara. Takardar shaidar zama ɗan ƙungiya ma tsirara kuka ba ni ita, da kuka ga na sa mata firam mai ruwan zinariya sai taro ya yanke shawara in yi wa sauran mutum sittin irinsa kyauta.

Bazazzagi: An rubuta maka godiya a littafin taro, da hannuna na rubuta.

Bakano: Sannan kuka ƙayyade cewa kada kowa ya sa wa hoton aure ko Ayatul Kursiyyu firam a ƙasa da dubu uku. Ni kaɗai na riƙe alkawarin, har masu ciniki suka koma wurin Ma'aji, wanda yake yi a dubu biyu.

Bazazzagi: An ci shi tara, kuma ya biya.

Bakano: Wa ya biya?

Bazazzagi: Ya biya Ma'aji.

Bakano: To, na fita daga ƙungiyar.

Bazazzagi: Fom ɗin fita dubu biyar ne, kuma ba a sayar wa wanda ake bi bashi. Yanzu dai ga wannan takarda, sunayen masu taurin bashi ne, Ciyaman ya ce a sa mata firam a rataye a ofis. Ka yi haƙuri, sunanka ne na farko.

Bakano ya karɓa bai ce uffan ba. Ya zaɓo katako mafi faɗi a shagon, ya buga ƙusa, ya goge gilashi, ya miƙa masa.

Bazazzagi: Kai, aiki ya yi kyau! Amma me ya sa lissafin ya fara daga lamba ta biyu?

Bakano: Katakon sama ne ya hau layin farko. Idan kuna so a buɗe a gyara, kuɗin aikin dubu goma sha huɗu ne, ban da tarar makara.