"Ai ba ku kuka kai ni wurin ba"

Tun jiya da la'asar maganar nan take ci mini rai. Na so in yi shiru saboda girman dattawan da abin ya faru da su, amma wallahi na kasa. 'Yan unguwarmu kun riga kun ji. Kansila, yaron da aka raɗa wa suna a gabanmu, ya dubi sa'annin mahaifinsa ya ce musu, "Baba, ku yi haƙuri, ai ba ku kuka kai ni wurin ba." Ko fitowa daga mota bai yi ba. Gilashi ya sauke rabi, ya faɗi abin da zai faɗa, ya ɗaga gilashinsa, ya ja mota.

Kuma a kan me? A kan kwalbati. Kwalbatin bakin layinmu da ya toshe tun damunar bara. Ruwan daren Talata ya rasa hanya ya juyo cikin gidaje. Da safe na shiga gidan wani dattijo maƙwabcinmu, na tarar an jingine katifa da bango tana ɗiga, buhun masarar da ya saya ranar Lahadi ya jiƙe har rabi, jikarsa tana kan tsani tana shanya littattafan makarantarta a kan kwano, tana dannewa da dutse kada iska ta kwashe. Mutumin nan da shi aka je wurin kansila. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu, yana ce wa yaron "ranka ya daɗe". Amsar da ya samu ke nan.

Tun jiya mutane ke ta cewa rashin tarbiyya ne. Haka ne, rashin tarbiyya ne. Amma abin da ya hana ni barci shi ne yaron nan bai yi ƙarya ba. Ba mu muka kai shi wurin ba. Ya san wanda ya rubuta sunansa, ya san ƙofar gidan da ya yi ta sintiri har aka ba shi, kuma ya san inda zai koma idan yana son zarcewa. Babu layinmu a cikin wannan lissafi. Wanda ba ƙuri'arka ce ta ɗora shi ba, ba ya jin tsoron ƙuri'arka.

Ku tuna zaɓen ƙananan hukumomi na 19 ga Oktoban 2024. Ƙananan hukumomi 23 gare mu a jihar nan ta Kaduna, mazaɓu 255. Da aka bayyana sakamako, jam'iyya mai mulki, APC, ta kwashe ciyamomi 23 da kansiloli 255. Ko ɗaya bai kuɓuce ba. A jihar da a 2023 PDP ta cinye kujerun sanata duka uku, a jihar da tazarar zaɓen gwamna ba ta wuce ƙuri'a dubu goma da 'yan kai ba. Daga Birnin Gwari har Sanga, daga Makarfi har Kaura, a ce babu mazaɓa ɗaya tak da jama'a suka fi son wani daban? Ni dai hankalina bai ɗauka ba, kuma na tabbata waɗanda suka ci ɗin ma sun san yadda suka ci.

Na san yanzu wani zai shigo ya ce ɗan adawa ne ke kuka. Ka ajiye wannan, ɗan'uwa. Mako ɗaya bayan namu Kano ta yi nata, NNPP ta kwashe ƙananan hukumomi 44 kaf da kansilolinsu. Can wata jam'iyya, nan wata jam'iyya, aiki iri ɗaya. Duk wanda ke riƙe da gidan gwamnati shi ke naɗa hukumar zaɓen jiha, shi ke ba ta kuɗi, jam'iyyarsa ke cinye komai. Da jam'iyyar da nake so ce ta yi haka, da abin da zan rubuta ke nan, domin ruwan da ya shiga gidan tsohon nan bai tambaye shi katin jam'iyya ba.

Abin baƙin cikin shi ne mu a Kaduna mun taɓa ɗanɗana wani abu daban. A watan Mayun 2018 aka kawo na'urar kaɗa ƙuri'a, mu ne farko a ƙasar nan. Ka danna alamar jam'iyyar da kake so, takarda ta fito. Ba na cewa babu matsala, an yi ƙorafe-ƙorafe da yawa, musamman wajen tattara sakamako. Amma adawa ta ci ƙananan hukumomi a lokacin. A Satumban 2021 jam'iyyar Malam Nasiru El-Rufai ta faɗi a akwatinsa na Unguwar Sarki, yana kan kujerar gwamna, kuma aka bayyana haka. Ko kana son mutumin ko ba ka sonsa, wannan ya faru. Sai aka zo 2024 aka gyara doka aka jingine na'urar, aka koma takarda. Masu cewa na'urar tana da matsala, to ai abin da ya lalace gyara shi ake yi. Wa ya taɓa rushe ɗaki saboda kwano na yoyo?

Wasu kuma za su ce a yi wa kansila uzuri, ba shi da kuɗi, ƙaramar hukumar ma albashi kawai take biya. Na ji. Shekara da shekaru asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi yana shaƙe su, kowa ya sani. Shi ya sa da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, kuma a daina naɗa kantomomi da kwamitocin riƙo, muka yi murna. To amma ku tsaya mu yi gaskiya. In an tura kuɗin kai tsaye ga ciyaman ɗin da aka yi ɗauki-ɗora aka ajiye, me ya canza? Kuɗin ya canza hanya ne kawai, amma hannun da zai karɓa ya san ubangidansa. Kuma dattawanmu ba kuɗi suka je roƙo ba. Cewa suka yi ya zo ya gani da idonsa, ya rubuta takarda zuwa sashen ayyuka, ya tsaya a zauren majalisarsu ya ambaci sunan layinmu. Wannan ba ya bukatar kobo. Bukatarsa mutum ya ji cewa akwai ranar da zai dawo neman waɗannan mutane. Shi kuwa ya san babu wannan rana.

Sai masu cewa laifinmu ne, ba ma fita zaɓen ƙananan hukumomi. Wa ya kashe wa mutane gwiwa? Mai shago zai rufe shagonsa, mai Keke zai ajiye Kekensa, su yini a rana a kan abin da tun ranar da jam'iyya ta yi maslaha aka gama shi? Mutanen Kaduna ba sa gudun layi. Mun ga yadda mata suka yini da goyo a rumfunan zaɓe a 2023. In mutum ya san ƙuri'arsa za ta yi aiki, ba sai an roƙe shi ba.

Kuma mu daina raina kujerar nan. Kwashe shara, kasuwa, tashar mota, maƙabarta, magudanar ruwa, hannu a firamare da asibitin sha-ka-tafi, duk tsarin mulki ya rataya su a wuyan ƙaramar hukuma. Sanata ba zai zo ya duba maka lambatu ba. Talakan Tudun Wada ko Hayin Banki ba zai iya shiga gidan gwamnati na Sir Kashim ba, amma ya kamata a ce zai iya tare kansilansa bayan sallar Magariba. Garin nan ma kansa an raba shi huɗu, Kaduna ta Arewa, Kaduna ta Kudu, Chikun da Igabi. Ku dubi Rigasa, duk girmanta da yawan jama'arta mazaɓa ɗaya ce, kansila ɗaya, hedikwatar ƙaramar hukumarsu kuma tana can Turunku. In wannan kansila ɗaya ma ba jama'a suka zaɓe shi ba, ina mutumin Rigasa zai kai kukansa?

Ni ra'ayina a karɓe zaɓen nan daga hannun jihohi a ba INEC. Ba don INEC waliyyiya ce ba, mun san halinta. Amma a Abuja ita ke yin zaɓen ƙananan hukumomi shida, kuma a 2022 uku-uku aka raba tsakanin APC da PDP. Ciyaman ɗin da ya san zai iya faɗuwa dole ya fito daga mota. 'Yan majalisar tarayyarmu da ke ta zancen gyaran tsarin mulki, ga aiki nan a gabanku, kuma za mu tambaye ku in kun dawo neman ƙuri'a, tunda ku dai har yanzu kuna bukatarta.

Kwalbatin kuwa, mai unguwa ya ce Asabar bayan sallar Asuba za a yi aikin gayya. Mai shebur ya zo da shi, mai baro ya zo da shi, muna neman wanda zai ara mana dogon rodi na zungura. Sannan don girman Allah, masu shaguna na bakin titi, ku ajiye buhu ko kwali a ƙofa saboda ledar fiya-wata. Da samari suka zura hannu jiya, leda da robar lemo suka yi ta zaƙulowa, har da tsohuwar tabarma da wani ya naɗe ya cusa a ciki. Wanda ya cusa tabarmar nan ya san kansa, kuma a layin nan yake kwana.