Almajirancin Kirista da kuɗin da ba a tambayi asalinsu ba

Ana cewa son abin duniya ya shiga ikkilisiya, gaskiya ne, amma ta ina yake shiga? Galibi ranar gidauniyar gini. A kira sunan mai kuɗi a lasifika, a faɗi adadin da ya bayar, a kai shi kujerar gaba, gwauruwa kuwa tana can baya. Yakubu 2:2-4 ya hana wannan ƙarara. Matashin da ke kallo ya gama ɗaukar darasi, wa'azi ba zai goge shi ba.

Gyaran yana da tsada. Ma'aikacin da ya ƙi sa hannu a takardar kwangilar bogi yakan rasa ƙarin girma, wani lokaci dangi ma su ce ya yi musu baƙin ciki. Irin wannan ne ya kamata dattawan ikkilisiya su tallafa wa da kuɗin makarantar yara, kada a bar shi da "Allah ya saka" kawai.

Baikon da ake tarawa a ikkilisiya kuma mutum biyu su ƙirga, su sa hannu, a kai banki ran Litinin, a karanta rahoto duk wata uku. Wanda ya tuba daga cin haram, ya fara mayar wa masu haƙƙi kamar Zakka mai karɓar haraji a Luka 19:8, kafin a karɓi gudummawarsa.