Ɗalibi mai son siyasar majalisa, nemi ɗakin kwamiti tun kana makaranta

Ƙannena ɗaliban jami'a, musamman masu karanta kimiyyar siyasa, shari'a, tattalin arziki da aikin jarida, da ku nake. Da yawanku kun ɗauka hanyar shiga majalisa ɗaya ce: ka kama ubangida, ka yi ta kare shi a Facebook har Allah Ya sa ya tuna da kai. Akwai wata hanyar da ta fi wannan daraja, ita ce ka je majalisar ka yi wata biyu ko uku na sanin makamar aiki. Ra'ayina shi ne, in ka samu wannan dama, ka roƙi a tura ka kwamiti, kada ka yarda a ajiye ka a falon ɗan majalisa kana karɓar baƙi.

Abin da ake nunawa a talabijin, wato zaman zaure na Talata zuwa Alhamis, ɗan tsakure ne na aikin. Ƙudirin doka yana bin matakai: karatu na farko, karatu na biyu inda ake muhawara kan manufarsa, sai a miƙa shi ga kwamiti, a yi zaman jin ra'ayin jama'a, a dawo da rahoto a bi shi sashe-sashe, a yi karatu na uku, ɗaya majalisar ma ta amince, sannan shugaban ƙasa yana da kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. A kwamiti ne ake cire sashe a sa wani, a nan ake titsiye shugabannin hukumomi lokacin kare kasafin kuɗi, a nan kuma ake amfani da ikon bincike da sashe na 88 da na 89 na tsarin mulkin 1999 suka bai wa majalisa. Wanda ya zauna bayan akawun kwamiti yana rubuta bayanan zama zai ga duk wannan da idonsa.

Shiga ba ta da wuya kamar yadda ake zato. Ka karɓi takardar gabatarwa daga shugaban sashenku, ka kai ofishin akawun majalisa, ka ambaci kwamitin da kake so da dalili. Mai karanta tattalin arziki ya nemi kwamitin kasafi ko na bin diddigin kuɗin gwamnati, mai karanta shari'a ya nemi na shari'a. Kada ka raina majalisar jiharku. Tsarin mulki ya ce 'yan majalisar jiha ba za su gaza 24 ba, ba za su wuce 40 ba, Kano ma na da 40 cif. A irin wannan wuri, ɗalibi mai ƙwazo ba ya ɓuya, saɓanin Abuja mai sanatoci 109 da 'yan majalisar wakilai 360. Wanda ya riga ya gama digiri ya riƙa bibiyar sanarwar PLAC, wata ƙungiya mai zaman kanta da ke bibiyar ayyukan majalisa, wadda ta sha tura matasa kwamitocin Majalisar Tarayya, ko ya nemi a kai shi majalisa a shekarar bautar ƙasa.

Ka lura da lokaci, don a nan mutane suke asara. Majalisar Tarayya takan tafi dogon hutu daga wajen ƙarshen Yuli zuwa Satumba. Wanda ya je a wannan tsakanin zai tarar da kujeru ba kowa. Lokacin da ya fi albarka shi ne bayan an gabatar da kasafi, sa'ad da ma'aikatu ke layi suna kare abin da suka nema.

Idan ka shiga, abu na farko ka nemi littafin ƙa'idojin zaman majalisa ka karanta shi kaf. Kullum da safe ka karɓi takardar jadawalin zama ka ga abin da za a tattauna. Sai ka koyi abubuwan da 'yan majalisa ke nema ruwa a jallo. Ka iya taƙaita ƙudiri mai shafi arba'in zuwa shafi ɗaya: me yake so ya gyara, wace dokar ya taɓa, nawa zai ci, wa zai yi adawa da shi. Ka iya ɗaukar kasafin wata hukuma ka jera abin da aka ware mata bara, abin da aka sake mata, da abin da take nema bana, domin tambayar da ke girgiza darakta daga wannan gibin take fitowa. Ka san bambancin ƙudirin doka da ƙudirin jan hankali, wanda matsaya kawai yake haifarwa, ba ya zama doka. Kuma kafin ka ba da shawarar wata doka a jiha, duba Jadawali na Biyu na tsarin mulki, saboda abin da aka keɓe wa tarayya, kamar tsaro da kuɗin ƙasa, majalisar jiha ba ta da hurumi a kansa, aikinka zai tashi a banza.

Abin da ke kashe yara a wannan wuri guda biyu ne: tsegumi da gaggawa. Ka ɗauki hoton takardar kwamiti ka tura a WhatsApp, ka gama yawo, babu wanda zai sake ba ka amana. Ka fara roƙon kwangila a mako na biyu, an sa ka a layin 'yan maula.

Bayan an gama, hanya ta rabu. Akwai ma'aikatan dindindin da hukumar kula da ma'aikatan majalisa ke ɗauka, irin su akawun kwamiti. Akwai kuma hadiman ɗan majalisa, waɗanda aikinsu ke ƙarewa ranar da maigidansu ya faɗi zaɓe, kuma faɗuwar 'yan majalisa a ƙasar nan ba baƙon abu ba ne. Shi ya sa na fi son yaro ya yi suna a matsayin wanda ya san kasafin ilimi ko dokokin lafiya, ba yaron wane ba, don sabon zuwa ma zai neme shi. A Amurka, Dick Durbin ya yi irin wannan zama na sanin makamar aiki a ofishin Sanata Paul Douglas yana ɗalibi, sai a 1996 aka zaɓe shi kan kujerar da Douglas ya taɓa riƙewa. Shekara talatin ke nan tsakani.

Mai son tsayawa takara kuma ya san cewa majalisa ilimi za ta ba shi, ƙuri'a tana mazaɓa. Gyaran tsarin mulki da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu ranar 31 ga Mayu, 2018 ya rage shekarun takarar majalisar wakilai da ta jiha daga 30 zuwa 25, sanata kuwa yana nan a 35. Amma har yanzu sai jam'iyya ta tsayar da kai. Don haka ka yanki katin jam'iyya a mazaɓarka tun yanzu, ka riƙa halartar taronta, ka yi amfani da abin da ka koya wajen rubuta wa mutanen unguwarku takardar koke da za ta isa kwamitin ƙorafin jama'a. In kuma ka shiga aikin gwamnati, sashe na 66 na tsarin mulki ya ce sai ka ajiye shi aƙalla kwana 30 kafin ranar zaɓen Majalisar Tarayya.