Murzuna da ɗan zanzaron da muke kashewa da hannunmu

Jiya da la'asar na shiga gonar babanmu da ke hanyar Tibiri, na karyo zangarniya guda na murza a tafin hannu. Wata hanya ta nannaɗe ta tun daga gindi har kai kamar an zagaya ta da zare, ƙwayar ta zube, sai ƙaiƙayi da garin kashin tsutsa. Duk wanda ya taɓa noman hatsi a jihar Maraɗi ya san wannan zane. Murzuna ce, tsutsar da ke cin zangarniyar hatsi. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san bana da mun tashi da wuri, da ɓarnar ba ta kai haka ba.

Murzuna ba daga sama take faɗowa ba. Tun kakar bara take kwance cikin ƙasar gonarka, ta yi ranin nan kaf ba ta motsa ba. Kamar wata guda bayan ruwan shuka sai ta fito da fukafukai, irin malam-buɗe-littafin nan na dare, ta jira hatsi ya fara fitar da kai, ta zuba masa ƙwai. Tsutsar da ta ƙyanƙyashe ita ce ke shigewa tsakanin fure tana yanke shi. Tun bayan farin shekarun 1970 ta zame wa manoman Sahel ƙarfen ƙafa, kuma a shekarar da ta yi ƙamari tana iya cinye fiye da rabin abin da gona za ta ba ka.

To mu me muke yi? Sai mun ga ɓarna da idonmu, sannan mu ruga kasuwa mu sayo piya-piya ko wata kwalbar da ko rubutun jikinta ba mu iya karantawa, mu ɗora wa yaro famfo a baya. Hatsi ya fi shi tsawo, iska na maido masa feshin a fuska, ba safar hannu, ba abin rufe hanci. Ita kuwa tsutsar tana can ciki a ɓoye, maganin bai ma kai gare ta ba. Kuɗin sun tafi, yaron ya kwana da ciwon kai, kuma wannan hatsin shi za a daka a yi mana fura.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne feshin nan yana kashe mai taimakonmu.

Kowa ya san zanzaro, wanda ke gina ɗakinsa na laka a jikin bango yana jido tsutsotsi yana cusawa ciki. Yana da wani ɗan uwa ƙanƙane, tsawonsa bai wuce milimita biyu zuwa uku ba, masana na kiransa Habrobracon hebetor. Shi ba ya gini, kuma ba ruwansa da mutum. Macen ce ke bin zangarniya tana neman murzuna. In ta same ta sai ta harbe ta, tsutsar ta sandare ta daina ci nan take, sannan ta saka ƙwanta a jikinta. 'Ya'yan su fito su tsotse ta har ta yi baƙi ta bushe, cikin kamar kwana goma sun zama manya, su ma su bazu nema. Na taɓa buɗe zangarniya na tarar da irin wannan busasshiyar tsutsa, ga wasu 'yan fararen kwanso kamar ƙwayar shinkafa a gefenta. Na kai wa kawuna ya gani, ya juya ta ya sake juyawa, ya ce, "Kai ɗana, yanzu wannan ɗan abin shi ya yi wannan aiki?" Na ce, "Shi ne, Kawu, kuma ko dala bai karɓa ba."

Ba daga Turai aka kawo mana shi ba, ɗan ƙasa ne. Matsalarsa ita ce rani na rage yawansa, kafin ya hayayyafa da kansa a damana murzuna ta gama cin rabonta. Shi ya sa masu bincike na INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, da ke Tarna kusa da Maraɗi, da na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi ke kiwonsa a kan tsutsar da ke ɓata hatsin ajiya. Tun 2006 wani shirin yaƙi da murzuna mai suna GIMEM ya fara sakinsa a ƙauyukan Nijar da Mali da Burkina Faso. Dabarar kuwa ba wuya: ɗan buhun algarara, a zuba hatsi da gari, a sa tsutsar hatsin ajiyar nan guda 25 da mata biyu na zanzaron, a ɗaure baki. Buhu 15 ake ba gari guda, a rataye a inuwar bishiya ko ƙarƙashin jinkar rumbu inda ruwa ba zai jiƙa ba. Bayan kamar kwana takwas 'ya'yan zanzaron su fara fitowa ta ramukan buhun, su yi tafiyar kilomitoci.

A nan ne nake ganin laifinmu. Zanzaro bai san iyakar gona ba, saboda haka ba aikin mutum ɗaya ba ne. Ka rataye buhu, maƙwabcinka ya yi feshi, an yi ba a yi ba. Kuma yana da lokaci: in hatsi ya fara fitar da kai ake saki, ba sai zangarniya ta zama gari ba. Bana a garinmu mun yi ta jiran a kawo mana kyauta kamar wata shekara da ta wuce, ba wanda ya taka ya je ya tambaya, har lokaci ya ƙwace mana.

Muna haɗa kuɗin gyaran rijiya, muna haɗa na biki, muna gayya. Me zai hana ƙungiyar manoman kowane gari ta ware 'yan tiyoyi tun a kaka, a ɗora wa mutum biyu nauyin zuwa wurin malaman gona tun watan Yuni a sa sunan garin? Ni dai na riga na yi magana da maigari, ya ce in zo ranar Juma'a bayan an sauko masallaci in faɗa wa jama'a da bakina. Zangarniyar jiya tana aljihun babur, da ita zan je.