Sandar Fatsar Alhaji Barunje

Duk ɗan Aboabo ta Kumasi ya san Alhaji Barunje, tsohon mahauci ne da ya ƙare ƙuruciyarshi a mayanka, sai ga hawan jini ya sako shi gaba likita ya ce ya aje wuƙa ya nemi abin da zai kwantar mai da hankali. Ɗanshi da ke Hambog ta Jamus, boga kenan kamar yadda ake ce ma masu zaman Turai, yana jin labari ya auno mai sandar fatsa irin ta Turawa mai mashin ɗin naɗe zare, tsawonta ƙafa 9. Halin Alhaji kuwa ba sai an faɗa ba, ko ƙuda ya faɗa mai a koko sai ya tsotse shi kafin ya yar. Ran Asabar bayan la'asar sai ga shi a bencin masu ataya da sanda a kafaɗa, Bakabe masunci na zaune, Masta fitan Magazin, unguwar makanikai ta Suame, na hura gawayi.

BAKABE: Iye! Jama'a ku taya ni gani, yau mahauci ne da fatsa? Ba kai ke cewa kifi abincin marasa haƙori ba ne?

ALHAJI: Har gobe ina kan bakana. Likita ne ya sa ni, ba marmari ba. Kai dai duba min abin nan, tun jiya nake gwaji a tsakar gida ina jefawa cikin baho, wuyan hannuna kamar zai cire, kan sandar sai rinjaya yake yana dungurar ƙasa, ga mariƙin siriri da na yi gumi sai ya dinga zillewa.

BAKABE: Ka kama wani abu dai?

ALHAJI: Zanin Hajiya a kan igiya. Da zakaran maƙota, amma shi ya kuɓuce.

BAKABE: To alhamdulillahi ka fi wasu. Miƙo ta nan. Miƙe yatsanka ɗaya, a'a ba na zagi ba, manuni. Ɗora sandar a kai da mashin ɗin a jikinta, ka dinga matsawa har ta tsaya ba ta rinjayi gaba ba ba ta rinjayi baya ba. Yawwa. Ka ga inda ta tsaya?

ALHAJI: Can gaba, ya fi taƙi guda daga mashin ɗin.

BAKABE: Ciwon hannunka kenan. Kamata ya yi ta tsaya daidai inda kake riƙewa, wajen mazaunin mashin ko gaba da shi kaɗan kamar faɗin yatsa biyu. In ta tsaya can nesa to duk nauyin kan nan wuyan hannunka ne ke dako, kai kana zaton kana hutawa ashe aikin ƙarfi kake. Kai da ka shekara talatin da gatarin sara ƙashi, in ƙota ta yi gajarta kai ya yi nauyi ya kake ji da yamma?

ALHAJI: Ko lomar tuwo ba na iya ɗagawa.

BAKABE: To shi ne.

MASTA: Baba Alhaji wannan ai ƙaramin aiki ne, matsalar balansin ce kawai. Gobe ka kawo ta Suame in samo guntun bol na Benz 207 in yi mata walda a gindi, wallahi ko giwan ruwa ka kamo ba za ta motsa ba.

BAKABE: Walda a ina? Ƙwanƙwasa ka ji, wannan ba ƙarfe ba ce, kabon ce, irin zaren gawayi da aka haɗa da gam. Kana kai mata wuta ta tashi aiki. Kuma Alhaji tunda an zo wajen, wannan sandar tana ɗaukar lantarki, kar ka kuskura ka ɗaga ta ƙarƙashin wayar wuta, in hadari ya taso ana walƙiya kuma ka kwantar da ita ƙasa.

ALHAJI: Wayar layinmu? Ai har shanya ake a kanta.

BAKABE: Ranar da za a kawo ba a yin shela.

MASTA: To a yanke gindin mana, ni na ga ya yi tsawo, tun ɗazu yana shigewa hannun rigar Baba.

BAKABE: Kai Masta kome ka gani sai zarto. In ka rage baya ai gaba ka ƙara ma nauyi. Alhaji riƙe ta yadda za ka yi jifa. Ka gani, gindin ya tsaya wajen gwiwar hannu, haka ake so, in kifi ya ja sai ka tokare shi da damtse ko ciki. Sandar ba ta da laifi, babbar riga ce ba a zuwa su da ita.

ALHAJI: In je bakin ruwa da singileti kamar ɗan dako? Ni Alhaji?

BAKABE: Ka je da alkyabba ma in ka so, kifi bai san sarauta ba. Mu dawo kan mariƙi. Damƙe shi. Ka ga yatsunka sun zagayo har farce na nitsewa a tafin hannu? Ya yi maka siriri, shi ya sa kake matsewa da ƙarfi jijiya na ɗaurewa. Wanda ya dace da kai shi ne in ka damƙa kan yatsu ya ɗan taɓa tudun babban yatsa da ƙyar. In kuma ya cika kauri har yatsu ba sa haɗuwa, shi ma wahala ne, babban kifi na fizga zai tafi da ita. Su masu yin sandar hannun Bature suka auna, ba su san akwai hannun da ya shekara yana kayar da bijimi ba.

ALHAJI: Yau ka faɗi gaskiya ko da kuskure. To me ake sawa?

BAKABE: Masu kuɗi kwak suke sawa. Ɓawon wata bishiya ce, ƙasar Fotugal ke fitar da kusan rabin na duniya, kuma ba a sare bishiyar, ɓawon ake ɓarewa a bar ta sai bayan shekara 9 a dawo. Ba nauyi, ba ya zafi a rana, ko ya jiƙe ba ya santsi sosai, kuma kifi na ɗan taɓa ƙugiya za ka ji motsin a tafin hannunka. Zobe-zobe ake sayar da shi, a jera a jikin sanda da gam, ya bushe a goge da sanfefa.

ALHAJI: Shekara tara ana jiran ɓawo. Tun daga nan na ji ƙamshin tsada. A ina ake samu?

MASTA: Baba ai shi ne abin da ake toshe kwalbar giya da shi, in ka je bayan otal-otal ɗin Adum kyauta ma za ka tsinta.

ALHAJI: A'uzu billahi! In je Makka in dawo in riƙe marfin giya da hannun da nake jan carbi? Kyauta ka ce?

MASTA: Kyauta.

ALHAJI: ...A'a. A'a dai. Mutane za su gan ni.

Nan fa aka yi shiru ana kallon yadda rowa da tsoron Allah ke kokawa a fuskar mutum ɗaya, kuma in don ta ni ne da ba idon jama'a da rowa ta yi kaye.

BAKABE: To akwai soso, wanda ake ce ma EVA. Ya fi kwak arha, ya fi shi jure wahala, ana wanke shi da sabulu. Irin robar da ake yin calewote ce.

ALHAJI: Silifas? Yo ai ka gama magana! Akwai wasu a ƙofar bayin masallaci sun fi wata uku ba mai su.

BAKABE: Na ladan ne.

ALHAJI: Ai ƙafa ɗaya ya tsinke.

BAKABE: Alhaji bar ladan ya yi alwala lafiya. Kuma aikin ba wasa ba ne, sai an kankare tsohon mariƙin tas ba tare da an ji ma sandar ciwo ba, a yanka robar zobe-zobe a huda tsakiya daidai kaurin sanda, a shafa gam mai haɗi biyu irin Araldite, a matse a bar shi ya kwana, sannan a ɗaura a bakin dirila tana juyawa ana bi da sanfefa har ya yi daidai hannunka.

MASTA: Dirila kam ina da ita. Sidi 80 kuɗin aiki, gam naka.

ALHAJI: Tamanin! Kifin zinari zan kamo? Bakabe, ku da kuka yi zaman Yeji kuna su a tafkin Volta, da Araldite kuke yi?

BAKABE: Mu da taru da koma muka sani, fatsa aikin yara ne da tsofaffin mahauta. Kakana a Argungu da hannu yake shiga ruwa, tun bikin farko na 1934 ana san gidanmu. Amma in gora muka sara muka yi sanda, tsohon tif na keke muke tsagawa mu naɗe, kowane zagaye ya hau rabin na baya, daga ƙasa zuwa sama, ana ja ana naɗewa. Aibinshi dai in rana ta buga yana zafi yana baƙanta hannu, in majinar kifi ta taɓa shi kuma sai santsi. Shi ya sa ake bin samanshi da siririyar igiyar nailan, a jera ta ƙut-ƙut, ita ke riƙe hannu.

ALHAJI: Nawa?

MASTA: Tif akwai a shago, na yafe. Igiya sidi 5.

ALHAJI: Akwai igiyar shanyar Hajiya, dama na riga na tsinka ta jiya.

Aka aiki yaro ya kawo tif da igiya, kafin a sauke ataya ta biyu Masta ya naɗe mariƙi tsaf, don in ka raba shi da zarto yaron yana da hannu. Alhaji ya damƙa ya yi murmushi, ya ɗora a yatsa, murmushin ya koma.

ALHAJI: Har yanzu tana rinjaya gaba.

BAKABE: Ta matso dai kaɗan. Saura nauyi a can ƙarshen gindi, don a nan ne abu kaɗan ke aiki da yawa. Masta ciro min robar ƙafar kujeran can.

ALHAJI: Kai, kujerar Hajiya ce na aro!

BAKABE: Za ta ɗan yi gurgunta, ba mutuwa za ta yi ba. Yanzu kawo sulalla, irin sidi 2 ɗin nan da aka fito da su a 2019, su ne masu ɗan nauyi. A jera a cikin robar a tura gindin sanda a ciki.

ALHAJI: Kuɗi? Nawa na kaina? A sa tsakuwa mana.

BAKABE: Ta dinga kaca-kaca tana korar kifi.

ALHAJI: To fesuwa goma-goma.

BAKABE: Sai ka cika gwangwani kafin su yi nauyi.

MASTA: Ina da dalmar balansin taya Baba, sidi 20.

ALHAJI: Rufe min baki. Bakabe, kuɗin nan suna nan ko? Ba narkewa za su yi ba?

BAKABE: Asusu ne, har ya fi banki, ba mai cire maka ko kwabo.

Haka Alhaji ya juya baya ya kwance bakin zariya, yana ciro sulalla ɗaya-ɗaya, kowanne sai ya yi salati kafin ya miƙa. Na farko, a gwada a yatsa. Na biyu, a gwada. A na huɗu ya rantse sandar ta daidaita, Bakabe ya ce ƙarya ne babban yatsa ya sa ya tallafe. A na biyar ta kwanta a yatsa ɗaya cak.

ALHAJI: Ikon Allah. An ƙara mata kaya amma ta fi sauƙin ɗauka. Sidi goma dai sun shiga kurkuku.

BAKABE: Sai ka sha ruwa. Gobe ka kama motar Kuntanase ka gangara Abono, bakin tafkin Bosomtwe, bai fi kilomita 30 da wani abu ba daga nan. Masana sun ce dutse ne ya faɗo daga sama ya haƙa ramin, sama da shekara miliyan ɗaya. Karfasa ce a ciki, ƙanana. Za ka ga masuntan wajen a kan falankin katako suna tuƙi da hannu, don a al'adar Asante ba a son ƙarfe ya taɓa ruwan, saboda haka ka yi sallama ka tambayi mutanen gari inda za ka zauna kafin ka jefa komai.

ALHAJI: In sun ce sai na biya fa?

BAKABE: Ka ce likita ne ya aiko ka.

Ran Lahadi bayan isha'i sai ga Alhaji ya shigo gida da sanda a kafaɗa da baƙar leda a hannu, Bakabe na biye da shi wai ya zo ganin abin arziki. Hajiya na zaune kan kujera tana tangaɗi.

HAJIYA: Sannu da zuwa Alhaji. Wai wa ya taɓa min kujera ne, tun jiya nake zama kamar a kwalekwale, igiyar shanya ma na neme ta sama da ƙasa.

ALHAJI: Bar zancen kujera, karɓi nan. Karfasa takwas, da hannuna.

HAJIYA: Ma sha Allah. Alhaji... da yaji a ƙulle a ciki fa. Kuma da ɗuminsu.

ALHAJI: Ramin dutsen sama ne, ruwan wajen da zafi.

BAKABE: Miƙo sandar in gani. Yatsa, Alhaji. A'a, kai za ka ɗora.

Ya ɗora, kan sanda ya dunguri ƙasa. Bakabe ya zare robar gindi ya girgiza, ko ƙara babu.

BAKABE: Ina mutum biyar ɗin da muka rufe a nan?

ALHAJI: Matar ba ta da canjin sidi hamsin.

HAJIYA: To tunda robar ta zama fanko a mayar min da ita ƙafar kujera. Sati mai zuwa kuma in za ka je, ka ce ta ƙara yaji.