Kalangu daga hagu

Amfilifayar nan ta Sansui da na ɗauko a Harajin Sawarikh, kasuwar gwanjo ta Jidda, dai kun san labarinta, ba wanda ban cika wa kunne da ita ba. Tsohuwa ce 'yar shekarun 1970, ta kasuwar Japan, wutar 100 take ci, sai da na nemo mata tiransifoma. Gidanmu a Karantina irin tsofaffin nan ne, soket na 110 ga na 220 a gefensa, wanda ya kuskure ya sha hayaƙi. Na jona manyan sifiku biyu, jar waya da ja, baƙa da baƙa, don in aka juya ta ɗaya ƙarfin ganga mutuwa yake yi. Na ƙara mata ɗan akwatin Bluetooth tunda ba ta san zamani ba. Bayan isha'i na tara jama'a.

Na kashe mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki. A Jidda! Wai kada ƙararsa ta shiga cikin sautin. Na zaunar da Kawu a tsakiyar sifikun biyu daidai, na janye masa kofin shayi gefe, na danna waƙa a waya, na lumshe ido.

"Kawu, ka ji kalangun can daga hagu? Ga kukuma ta dama. Ka ji ma mawaƙin yana jan numfashi." Hannuna a sama ina nuna wa kowane kiɗa mazauninsa, gumi na bin wuyan kowa. Na yi bayanin Japanawa da ingancin aikinsu, na zagi kayan zamani tas, musamman ƙananan sifikun nan na roba da mata ke yawo da su a kicin.

Sai autata ta leƙo. "Abba, Umma ta ce a ba ta sifikarta." Ta miƙa hannu bayan amfilifayar ta zaro abin, bai kai gwangwanin madara ba, ta fita da shi. Kalangu da kukuma da numfashin mawaƙin duk suka bi ta, muna jin su har suka shige kicin. Ashe wayata da ita ta haɗu tun farko. Fitilar Sansui na nan tana haske, ko uffan ba ta ce ba.

Kawu ya ce, "To, ɗana, a kunna mana mukayyif."

Dariyar kowa na yafe, ban da ta mutumin Katsinan nan na bene. Shi ne fa ya rufe ido tare da ni, yana kaɗa kai, har da cewa wallahi bai taɓa jin kukuma ta fito haka ba. Yarinya na fita ya ce ai shi dama tun ɗazu kunnensa ya ba shi akwai wani abu. Kunnen da sai an kira shi sau uku yake waiwayowa! Washegari har a baƙala, shagon unguwa, ya ba da labarin, kuma a nasa labarin shi ya gano sifikar. Sukudirebata ma tana wajensa tun azumin bara, na tambaya ya ce wacce.